Masu Lallaɓa Birkin Baya

Birkin gaba ba ya ɓoye ciwonsa. Duk wanda ya durƙusa ya leƙa ta ramukan wili zai ga ko fad ya cinye. Na baya kuwa, a yawancin motocin da ke kai da kawowa tsakanin Batsari, Safana, Dutsin-Ma da Katsina, musamman Golf ɗin nan da Jamusawa suka fara ƙerawa a 1991 kuma har yau ba mu bar ta ta huta ba, a rufe yake ruf cikin diram. Kafin ka gan shi sai an sa jak, an kwance taya, an zare boris, hannun wani ya yi baƙi ƙirin da giris. Ga shi kuma gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da mota, domin da ka taka, nauyi gaba yake zubawa. Saboda haka na baya yana iya shekara guda yana mutuwa sannu a hankali, mota tana tsayawa, mai ita yana cewa alhamdu lillahi.

Da can ma haka abin yake, balle tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta bi ta kan 500, a 2024 ta haye 1,000. Naira ta faɗi, kayan gyara suka bi mai zuwa sama. Mai mota a wannan yanki, in kuɗi suka shigo, layi yake jera masu: hatsi, mai, taki, kuɗin makaranta, ɗinkin sallah, gudummawar bikin da ba a tsallakewa, taya in ta fara nuna waya. Birkin baya yana can ƙarshen layi, kuma kullum kafin a zo kansa an rufe taga. A wannan layin na san mutanen da zan ba ku labarinsu.

Akwai kurman ganin dama. Motarsa tana ƙiiii tun daga kwanar gidansu, awaki na watsewa, yara na toshe kunne, shi kuwa sai ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo. In ka ce, "Malam, ba ka jin ƙaran nan?" sai ya rage, ya karkata kai da gaske, ya saurara, ya ce, "Yashi ne ya shiga." Da rani yashi, da damina laka, da hunturu ƙura. A kalandarsa babu watan da shu ɗin birki yake cinyewa.

Maƙwabcinsa ya fi shi gaskiya, don shi ya yarda akwai matsala, ranar gyara ce kawai ba ta zo ba. In ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ko malamin firamare, sai an yi albashi. In manomi ne, sai kaka, in an sayar da wake. In kaka ta zo, wake bai yi kuɗi ba tukuna, a bari ya ɗan tashi. Bakanike ya gaya masa tun farko cewa shu kaɗai za a sa, abin bai kai ya kawo ba. Ranar da ya zo da kuɗin shu ɗin cif-cif a ƙulle cikin hankici, sai a buɗe a tarar ƙarfe ya daɗe yana cin ƙarfe, cikin diram ya yi kunya-kunya, yanzu har da diram za a saya. Sai ya dubi bakanike da idon wanda aka zalunta, ya mayar da hankicinsa aljihu, ya ce a rufe, sai an yi albashi.

Mai dutse shi birkin hannunsa ne ya riga mu gidan gaskiya, tunda birkin hannu a kan shu ɗin baya yake aiki. Kana ja yana tahowa har kusa da kafaɗa, ƙas-ƙas-ƙas, ba abin da ya kama. Don haka ya san kowane fili a garin nan da ƙasarsa ta daidaita, ya san kowane mai gangare. Yana barin mota a giya, sannan ya fito da sauri ya sa weji kafin ta canja shawara. In yana da ɗa namiji, aikin yaron ke nan: mota ba ta gama tsayawa ba ya diro da dutse a hannu. Waɗannan ba zan tsananta masu ba, mutanen kirki ne, masu tsari. Kuma dutse mai faɗin gindi, wanda ba ya mirginawa a ƙarƙashin kujera, ba ko'ina ake samunsa ba. Wanda ya ɗauke nawa a ƙofar masallacin Juma'a har yanzu ban yanke shawarar yafe masa ba.

Amma wanda ya fi cin raina, wanda kuma in na je gareji ban tarar da shi ba sai in ji wurin ba daɗi, shi ne dattijon benci. Kowane gareji yana da nasa, daga na bakin tasha har na inuwar bedi a bayan gari. Ba shi da mota. Rabonsa da sitiyari tun ba a haifi bakaniken da ke kwance ƙarƙashin motarka ba. Amma ya tuƙa Fijo 504, ta ƙaramar hukuma, ko ta wani attajiri, ko ta asibiti, labarin yana bin fuskar mai sauraro, kuma tun daga ita bai sake ganin abin da ya cancanci a kira mota ba. Da ya karya kumallo sai ya zo ya zauna a tsohuwar kujerar bas da aka jingina da itace, carbi a hannu, rediyo a cinya, yana jiran irinmu.

Ba ya cewa uffan sai an zare diram. Zai bari kai da bakanike ku gama kallon shu ɗin da ya siɗe har ƙarfe ya fara leƙowa, bakanike ya faɗi kuɗi, kai kuma ka yi shirun nan na mai lissafi a zuci. A cikin shirun yake shigowa.

"Yaro, miƙo mani in gani."

Ya ɗaga shi sama wajen hasken rana. Ya kankara da farcen babban yatsa. Wani lokaci har sunsunawa yake yi.

"Wanga za ku yas? Kai, 'yan zamani! Wanga da sauran Kano biyu a jikinshi."

Baba da tafiya yake auna birki: Kano biyu, Funtuwa ɗaya, ko kuma Dutsin-Ma har watan azumi in ba a cika lodi ba. Daga nan sai tarihi ya buɗe. Za ka ji cewa kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma wannan kam za ka iya rantsuwa a kai. Za ka ji yadda ya taɓa saukowa wani gangare a hanyar Jos da giya kaɗai, da Bature a baya yana barci bai ko motsa ba. Bara da ya ba ni labarin, alƙali ne a bayan. Za ka ji cewa a zamaninsu ba a yar da ƙarfen shu, kai shi ake yi a buga masa sabon layinin da ƙusoshi, kuma nan ma bai yi ƙarya ba, har gobe ana yi wa manyan motoci haka. Abin da ba ya faɗi shi ne, a wancan lokacin ba daga aljihunsa kuɗin gyara ke fita ba.

Sai shawarwari, ɗaya na bin ɗaya. Tunda a cikin diram shu guda ya fi ɗan'uwansa cinyewa, a sauya masu wuri. Bakanike ya ce, "Baba, ba ya shiga, wannan shi ke ɗauke da hannun birkin hannu." Baba ya ce to ina amfanin guduma. In man birki ya zubo ya jiƙa shu, a wanke da fetur a ƙyasta ashana, wuta ta shanye man. In ya yi santsi, a goga samfefa. In birkin hannu ya yi nisa, a ɗaure wayarsa tamau, ai shi ke nan ya kama. Kowace shawara tana ƙarewa da "mu haka muke yi," kuma abin haushin, duk abin da Baba ya faɗa, aljihunka yana gyaɗa kai. Ka zo da niyyar sayen sabo ko da bashi, ga shi yanzu kana tambayar bakanike, cikin ƙaramar murya, ko dai a gwada ta Baba.

A tsakanin nan ya aiki yaron gareji ya karɓo shayi da biredi, "a gaya ma mai shayi na Malam ne," kai ke nan. Ya kira mai rake. Ya tambayi ko ɗan gidan wa kake, ya gano ya san kakanka, ya taɓa kai shi Kaduna ma, a Fijon nan. In ka yi taurin kai ka sayi sabon shu, ba ya fushi; sai ya sa a tattara masa tsohon a leda, kada a yi asara, kuma mako mai zuwa za ka ga wani bawan Allah ana ɗaura masa shi bisa shawarar Baba. In kuwa ka bi tasa, an sauya, an ƙona, an goge, an ɗaure, an sauke mota, sai ladabi ya sa ka ce, "Baba, taho in sauke ka gida." Nan zai miƙe, ya kakkaɓe riga, ya dubi motar tun daga gaba har baya.

"A'a ɗana, yi gaba abinka. Ni akwai yaron da zai zo da mashin."

Mai gefe ɗaya ɗalibin Baba ne da ya kammala. Shu huɗu ne a kwali, biyu na kowace taya, kuma tare ake sa su don dama da hagu su kama daidai. Shi biyu yake so, na gefen da ke ƙara. Mai kanti ya ce ba a raba kwali, ya ce a nemo wani mai gefe ɗaya su haɗa kuɗi, kamar watandar sa da sallah. Kuma ana samu. Daga ranar motarsa ta sami sabon hali: in ya taka da ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi, gefe guda ya kama ɗayan ya saki, sai gindinta ya nemi ya zagayo ya ga abin da ke faruwa a gaba. Shi ya ce sitiyari ne, a duba masa alaimen.

Akwai kuma mai aike. Shi ba ya sayen komai a gida, kuma ko Katsina bai yarda da ita ba. Ya ji an ce a Ƙofar Ruwa ta Kano abin rabin kuɗi ne. Sai ya sa a kwance, a naɗe tsohon shu a takarda don samfur, a ba wani direba, wanda zai ba wani ɗan'uwansa, wanda ya san wani yaro a kasuwar. Mota kuwa an ɗora ta a kan duwatsu da guntun katako, don bakanike yana bukatar jak ɗinsa. Kwana ya tafi, mako ya tafi, kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashi. Sannan waya ta fara: akwai orijinal, akwai mai bi masa, akwai na Beljiyam, wanne za a sayo? Shi kuwa kalmar Beljiyam ce ke kashe masa jiki, don ya yi imani duk abin da Bature ya taɓa amfani da shi ya fi sabo. A inji da giya, sau da yawa gaskiyarsa ne. A shu kuwa, abin da aka yi shi don ya cinye, sayen wanda wani ya riga ya ci rabinsa a Turai sai mai ƙarfin imani. Ranar da saƙo ya iso, sai a tarar na wata Golf ɗin ce mai faɗin diram daban, samfurin kuma an manta shi a Kano. Mutanen nan sun sha wuya a ƙarshen 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, har da Batsari da Safana. Mai aike sai ya hau motar haya ya je inda akwai sabis, don ya tambayi inda aka kwana a kan birkin motarsa.

Ɗan zamani shi ba ya bukatar kowa, yana da waya da data. Ya kalli wani Bature a YouTube, cikin gareji mai tayil da fitilu, ya canja shu cikin minti goma yana murmushi. Ranar Asabar sai ya ari jak, ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida. Baturen ya faɗa, kuma kowane bakanike zai faɗa, cewa gefe ɗaya ake kwancewa a bar ɗayan don a riƙa leƙawa ana ganin yadda sifirin suke zaune. Amma daidai wurin ne ya tsallake bidiyon don tattalin data. Ya kwance duka biyu. Sifirin guda ya yi tsalle ya faɗa yashi, yaran unguwa sun yi layi suna tonon ƙasa, an yi alkawarin alawa ga wanda ya tsinta. Da la'asar za ka gan shi a bayan ɗan acaɓa, da baƙar leda tana ƙaras-ƙaras, ya nufi garejin da ya ce ɓarayi ne. Kanikawa suna son sa ƙwarai. Kuɗin haɗa abin da wani ya warwatsa daban ne.

Su kansu kanikawan ba a bar su a baya ba. Akwai mai "zai kai ka," wanda ba ya taɓa faɗin ina. Akwai wanda ɗan fil ɗin da ke riƙe notin boris ya ɓace masa, sai ya lanƙwasa ƙusa ya zura, ya ce ta ma fi ƙarfi. Akwai yaron gareji da ke cika baki da iska ya hure ƙurar diram, ya tashi da fuska fari fat yana dariya, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa tsofaffin layinin da masu arha kan ƙunshi asbesto, ƙurar da in ta zauna a huhu ba ta fita. Kuma akwai na kirki, wanda zai ce maka, "Oga, in kuɗin ba su kai ba, a bar fenti da hon, a sa shu da roba," sai ka bar shi ka tafi wurin mai "zai kai ka." Ko wanne ka samu, ƙarshenta kai ne za ka zauna a kujerar direba ana fitar da iska, wani yaro da bai kai ƙaninka ba yana kwance ƙasa yana ba ka oda: "Taka! Taka! Riƙe! Ka riƙe? Kada ka saki! Saki!" Na ga shugaban makaranta guda, mai jan kunnen ɗaruruwan yara, yana amsa "na riƙe" cikin ladabi, cinyarsa na rawa.

Fasinjoji su ma suna da nasu rabon. Akwai na gidan gaba da ke taka birkin da babu shi a gefensa, har takalminsa ya kusa huda ƙasan mota. Akwai Hajiya a baya da ba ta san diram ba, ba ta san shu ba, amma da ta ji ƙiiii sai salati ya ƙaru, kuma ita kaɗai ce a motar ke ɗaukar wani mataki.

Daga nan dariyata take fara raguwa. Mai ruwan Omo robar silindar tayarsa ce ta mutu, mai yana tsiyaya ta cikin diram yana bin taya. Gwangwanin man birki ya yi tsada, kuma kullum sai an ƙara, don haka sai ya kaɗa garin sabulu a ruwa ya ɗura, ya ce ai duk santsi ne. Da safe, mota da sanyi, yana kamawa, kuma wannan ne hujjarsa. Amma birki da zafi yake aiki. Man da aka rubuta wa DOT 3, sabo, ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 aƙalla, DOT 4 kuma 230. Ruwa a 100 ya gama. Da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, ƙafa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Ruwan da bai tafasa ba kuma yana can yana cin silinda da tsatsa. In abin ya faru sai a ce birki ya ƙwace, kamar birkin ne ya yi shawara shi kaɗai.

Duk waɗannan, in motarsu ta gida ce, da su da iyalansu da aljihunsu abin ya fi shafa, kuma talauci ba ƙarya ba ne. Na san yadda lissafin nan yake da ƙarfe biyun dare. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai ƙusa. Direban haya ne. Birkinsa na baya yana zubar da mai, sai ya sa a kwance fayif ɗin da ke kai mai tayar baya, a cusa ƙusa ko ƙwayar boris a toshe, ko a lanƙwasa bakin fayif a daddatse da guduma. Zuba ta tsaya. Feda ta yi tauri, har ta fi da. Wani ma sai ya ce a cire shu ɗin gaba ɗaya tunda ba aikin da suke yi, a mayar da diram wayam. Sannan ya wanke mota, ya shiga layi a tasha, ranar kasuwar Batsari ko ta Runka, ya ɗauki biyu a gaba huɗu a baya, da goyo, da buhunan da suka hana but rufuwa, har gindin mota ya kusa shan ƙasa. A daidai wannan lodin ne birkin baya ya fi amfani, domin nauyin yana kansa. Shi kuwa ya bar tayoyi biyu na gaba su tsayar da komai, su yi zafi, su gaji. Hanyar nan kuwa akwai shanu masu tsallakawa, akwai amalanke ba fitila, akwai ɗan acaɓa da ke fitowa daga lungu, akwai 'yan makaranta, akwai shingen jami'an tsaro da ke bayyana bayan kwana.

In ka yi masa magana, amsarsa a shirye take, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai. "Yallaɓai, a hanyar nan wa ke neman birki? Mai tsayawa ai shi ake ɗauka." Ya san abin da yake taɓawa. Duk wanda ke zaune a gefen dajin Rugu ya san shekarun da aka yi ana tare hanya, ya san gidajen da aka sayar da gona don biyan fansa, ya san dalilin da ya sa direba ke ƙin rage gudu a wasu wurare. Shi sai ya ɗauki wannan masifar da ta ci mutane da gaske ya yi wa rowarsa rumfa da ita. Direban da zai yi gudu shi ya fi kowa bukatar birki, kuma wanda ya hango an tare hanya, juyawa zai yi, juyawar kuwa ba ta yiwuwa sai an tsaya. Robar da ta mutu ɗin tana cikin mafi arhar abin da ke jikin motar, ba ta kai man da yake ƙonawa a sawu guda zuwa Ƙofar 'Yanɗaka ta Katsina ya dawo ba. Ya iya sayen sitika ta bayan gilashi, ya iya sayen lasifika mai girgiza kujera. Kuma kuɗin mota cikakke yake karɓa, bai taɓa cewa tsohuwar da ta hau da jikanta, "Inna, rage wani abu, yau da rabin birki za mu tafi" ba. Kurma yana jin ƙaransa, mai dutse yana ɗauke da dutsensa kowa na gani. Shi wannan ya ɓoye abin a inda fasinja ba zai taɓa leƙawa ba, kuma in ta faru, a gidan makoki shi ma zai zauna ya ce ƙaddara ce. Bakaniken da ya buga ƙusar, ya karɓi ɗan abin da ya karɓa, ya ga motar ta fita da mutane, shi ma ban san da wane ido yake barci ba.

Saura mutum guda, kuma shi ne ya fi yawa. Ya san duk abin da na faɗa. Ya taɓa zama a gareji, ya san direban, ya ma san wane bakanike ya yi aikin. Ga shi a tasha a Katsina bayan la'asar, rana ta karkata, kuma ba mai hankalin da ke son magariba ta same shi a hanyar gida. Mota ɗaya ta rage a layi. Ya zagaya bayanta kamar mai duba kayansa, ya ɗan sunkuya, ya ga tayar a bushe ƙamas, bushewar da ba ta gyara ba ce. Ya miƙe, ya dubi rana, ya dubi motar. Ɗan kamasho ya buga rufin da tafin hannu.

"Batsari mutum ɗaya! Malam, kai muke jira."

Iyakar abin da muke iyawa a nan shi ne mu roƙi na gidan gaba ya yi mana musanyar kujera, mu ce ƙafa ke ciwo. Shi ma ya zagaya bayan motar ɗazu, ya ce tasa ƙafar ta fi.